Hanyar da Aka Auna da Makara

Mutanen lungunmu sun gina gada sun rufe ni a gida. Haka abin ya faru, haka kuma zan faɗe shi. Na san ba mugunta ce ta sa su ba, amma wanda aka taka wa yatsa ba ya jin sauƙi don an ce masa ba da gangan ba ne.

Ni gurguwa ce. Ba na ɓoye kalmar, ba na kuma son a sakaya min ita. Shan inna ya kama ni tun ina goye, ya bar min ƙafafu kamar igiya. A unguwar Nima na tashi, a wani lungu da yake gangarowa daga tudu har ya faɗa titi, gidaje sun matse shi hagu da dama. Da hannu nake tafiya. Ina zura silifa a tafin hannuna, in ɗaure gwiwoyina da yankin tsohuwar taya, in ja jiki. A haka na yi aure, a haka na haihu na yi raino, a haka na yi takaba na dawo gidanmu wurin yayana. Kitso ne sana'ata, kuma ba yabon kai ba, matan unguwar Maamobi ma suna tsallako titi su zo su ba ni kai.

Na doshi arba'in kafin in san yadda bakin titinmu yake da rana tsaka ba tare da wani ya goya ni ba. Bayan shekarar yunwa ne, lokacin da mutanenmu suka dawo daga Legas da jakunkunansu, wani mai walda a cikinsu ya buɗe rumfa a Maamobi. Shi ya haɗa min keke mai ƙafa uku da tarkacen tsofaffin kekuna, ana juya shi da hannu, ga wurin zama na katako da na sa wa matashi. Ranar da na fara hawansa kasuwa na nufa. Na sayi barkonon da ba na buƙata, don kawai in yi ciniki da bakina, in ce ya yi tsada, mai kaya ta harare ni kamar yadda take harar kowa. Na dawo gida na ci tuwo kamar na yi noma.

Keken nan ne ya kai ni makarantar manya. Bayan la'asar ake yi, a wani aji na firamare ta wajen Kanda, idan yara sun tashi. Mai koya mana wata tsohuwar ticha ce 'yar ƙabilar Ga wadda ta yi ritaya, Hausarta ta kasuwa ce, amma haƙurinta ya fi na malaman da na sani. Mu kuwa 'yan ajin, masu sayar da waake ne, wato dafaffen wake da shinkafa, da masu atamfa da wata ungozoma, wasunmu har da jikoki, muna zaune kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. A nan na fara riƙe fensir. Yatsun da suke raba gashi sili-sili suka kasa ja layi madaidaici, ticha ta ce in ɗauka tsaga nake yi a kan mutum. Daga ranar layina ya miƙe.

Tsakanin lungunmu da titi akwai kwata babba, wadda muke kira gota. Wasu tsofaffin katakai ne masu faɗi aka shimfiɗa a kanta tun zamanin iyayenmu, daidai da ƙasa. Suna motsi, suna ƙara, amma kekena yana wucewa. Ita ce kaɗai hanyata, don ta saman lungu wurin ya tsuke, sai mutum ya karkace kafaɗa yake ratsawa.

Sai wata damina ruwa ya yi mana ɓarna. Gota ta cika ta tumbatsa, ta kwashe katakan, ta shiga ɗakunan da ke ƙasa ta jiƙa katifu da buhunan gari. Maza suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke cewa za a yi aikin gayya, a ɗaga bangon gota da bulo da siminti, a yi gada wadda ruwa ba zai sake ɗauka ba. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, shi ne kan gaba. Shi ya nemo magini, shi ya bi gida gida. Mata muka yi girkin ma'aikata. Ni na zauna da faranti ina tsince tsakuwa daga wake da shinkafa har bayana ya ƙage, ina murna, ina cewa an huta da katako mai rawa. Na aika wa ticha cewa ta yi min uzuri har siminti ya bushe.

Akwai wata al'ada a wurinmu. Da yake gidaje sun cushe, kowa yana cin hanya kaɗan kaɗan, dattawa sun kafa doka tun da daɗewa: duk wanda zai yi gini a bakin lungu, ko katanga ce ko kiyos na sayar da kaya, sai an ɗauko makarar masallaci babu kowa a ciki, maza sun saɓa ta a kafaɗa sun bi ta wurin. In ta wuce ba ta gogi komai ba, gini ya halatta. In ta maƙale, a rushe. Ba a gardama da makara, don kowa ya san wata rana shi ne a ciki.

Ranar da aka gama gada ina tsakar gida ina yi wa wata kitso na ji hayaniya da dariya. Aka ce makara ce ake gwadawa. Can sai na ji kabbara. Ta wuce. Matar da ke gabana ta ce alhamdu lillahi, ni ma na ce alhamdu lillahi.

Washegari bayan la'asar na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na sa littafina a jaka, na hau keke na gangara. Ina isa na ja birki.

Sun ɗaga bangon gota ya kai gwiwar namiji tsayayye. A samansa suka ɗora falalen siminti siriri, daidai mutum biyu su jera a matse. Ta ɓangarenmu matakala, ta ɓangaren titi matakala, masu kyau, an shafe su sumul, har wani ya zana wata da tauraro a gefe tun siminti yana ɗanye. Na dubi tayoyina, na dubi matakalar. Ko da an ɗaga ni sama, faɗin falalen bai kai tsakanin tayoyin bayana ba sai da dabara.

Akwai mazan da suke zaman dara a ƙarƙashin bishiyar bakin titi, magidanta ne, sun saba tsokanata, suna ce min direba. Ɗaya ya hango ni ya ce, “Direba, yau an sa miki shinge ke nan? Kawo lasin mu gani.”

Na ce masa lasin yana wurin uwarsa. Suka yi dariya, suka taso su huɗu, babu wanda ya tambaye ni, suka kama keken ta kowane gefe suka ɗaga da ni a kai. Na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina danne zanina da yake zamewa. Gota tana ƙasa baƙa ƙirin tana wari. A tsakiyar gada wani a cikinsu, don wasa, ya fara jan kalmar shahada da irin muryar da ake rakiyar gawa, sauran suka amsa suna ƙyaƙyatawa. Suka dire ni a titi, kaca ta zame, ɗaya ya durƙusa ya mayar. Ya share hannu a wando ya ce yau sun samu ladan banza.

Na yi musu godiya, don an koya min godiya tun kafin a koya min sallah. Amma a ajin ranar ban gane komai ba.

Dawowa ta fi muni. Na iso ana kiran magariba, 'yan dara duk sun shiga masallaci. Na tsaya a bakin titi, motocin haya na trotro suna wucewa suna watsa min ruwan kwalta, ga ƙofar gidanmu can ina hange. Fitsari ya matse ni. Wani baƙo mai kwat ya zo wucewa, ya ga gurguwa a bakin hanya da magariba, ya sa hannu aljihu ya ajiye min kwabo a cinya, bai ko dube ni ba. Ni da nake ciyar da kaina da hannuna tun ina budurwa. Na sauka daga keken, na bar shi nan, na hau matakalar da hannu da gwiwa, na ja jiki har gida cikin taɓo da kayan fitata.

Yayana ya shigo bayan sallah yana tura keken, ransa a ɓace. Ya ce don me ban jira ba, na ba shi kunya, mutane za su ce ya yar da ni. Na tambaye shi, lokacin da suke auna gadar, ya manta yana da ƙanwa? Ya ce wallahi bai zo masa a rai ba, kuma babu wanda ya tuna masa. Na yarda da shi. Wannan ne ma ya fi ci min rai. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo yana yaro, wanda kullum yake jin ƙarar kacata a ƙofar ɗakinsa, ya tsaya a kan aiki tun daga tono har shafe, ban faɗo masa a rai ba. Ya ce in kwantar da hankalina, zai yi magana da 'yan dara, duk lokacin da zan fita a ɗauke ni. Ai lada ne.

Na ce, “Yaya, ni ba gonar lada ba ce. In suna son lada su je su share gota.”

Na daina fita. Ba fushi kaɗai ba ne. Fitar da sai na jira maza huɗu sun ga dama, in dawo in jira su idar da sallah, in sha wasan da ban so ba in kuma yi godiya, wannan ba fita ba ce. Masu zuwa kitso suka yi ta ba ni baki. Wata ta ce me nake nema a waje, sana'ata ai a zaune take, mutane ne suke zuwa wurina. Wata ta ce boko da furfura, me zai ƙara min. Ina jin su ina jan gashi, wadda ta fi zaƙewa na ɗan ƙara matse mata.

Ticha da kanta ta zo, da lemarta da takalminta mai igiya, ta zauna a kan turmi. Ta ce 'yan aji sun wuce ni da darasi, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta kusa, wadda ba ta rubuta ba sai ta koma baya tare da sababbi. Ta ce in na yarda za ta riƙa biyowa ranar Asabar ta koya min a gida. Na ji daɗin maganar har idona ya cika, amma na ce a'a. Na gaya mata ba baƙaƙen kaɗai nake zuwa nema ba. Ina son hanyar, ina son in makara a yi min faɗa, ina son ungozoma ta leƙa littafina in rufe da hannu. In aka kawo min makaranta gida, gobe a kawo min kasuwa gida, jibi a kawo min Idi gida, to me ya rage sai a kawo likkafani. Ta gyara zama a kan turmin. Ta ce a rediyo kullum ana maganar naƙasassu, manyan duniya sun ce a buɗe musu hanya. Na ce maganar rediyo ba ta tsallaka gota. Ta yi dariya, ta ce to in je in faɗa wa masu gotar.

A ƙa'ida mace ba ta kai ƙara gaban mai unguwa da bakinta, namijinta ne yake yi mata magana. Na ce wa yayana ya kai ni. Ya ce zai faɗa musu da kansa. Na ba shi lokaci, Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Kullum sai ya ce bai samu fuska ba. Na gane nauyi yake ji, aikin hannunsa ne, kuma an yabe shi a kai har a huɗuba.

Gidan mai unguwa yana cikin lungu, ba sai an haye gota ba. Wata ranar Lahadi da hantsi, lokacin da na san dattawa suna zaurensa, na zura silifa a hannu na tafi. Kafin in isa labari ya riga ni. Na yi sallama daga bakin ƙofa, na ja jiki na shiga, na zauna a gefen tabarma. Yayana yana ciki, ya sunkuyar da kai. A bayana sai ga tsohuwa mai koko ta lungunmu, wadda ciwon gwiwa ya sa tun da aka yi gadar take biyan mai ɗauko mata ƙullu daga injin niƙa. Ban kira ta ba. Ta ce ita kallo ta zo, ta zauna a dakalin waje inda za ta ji komai.

Mai unguwa dattijo ne mai sanyin magana, ya san ubana. Ya tambayi lafiyata da ta yara, ya yi min barka da ruwa. Na amsa duka, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ban zo a rushe gada ba. A bar bangon yadda yake don ruwa. Abin da nake nema, a ƙara faɗin falalen, a cike gefe ɗaya na matakalar ya zama gangare, ta nan da ta can, yadda taya za ta hau ta sauka.

Wani dattijo ya ce siminti ya riga ya bushe. Wani ya ce gangaren zai ci gaban shagon mai gawayi, kuma mai gawayi ba zai yarda ba. Limamin lungu ya ce haƙuri shi ne adon wanda Allah ya jarraba, kuma bai kamata in hana bayin Allah samun lada a kaina ba. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “'Yata, ba a yi aikin nan da ka ba. An bi ƙa'ida. An ɗauko makara an gwada a gaban kowa, ta wuce lafiya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, makara a kafaɗa take tafiya. Wanda ke cikinta ba shi da aji bayan la'asar.”

Wani ya yi gyaran murya. Liman ya ce in ji tsoron Allah. Mai unguwa bai yi fushi ba, ya ce ai ni ma ba a ƙi ɗaukata ba, ga matasa, ga magidanta, ko yaushe.

Na ce, “Ranar da za ku ɗauke ni tana nan tafe, Baba, ba zan hana ku ba, ba zan ma iya ba. Amma kada ku yi gaggawa. Kun auna hanya da matattu, yanzu ku auna ta da mai rai.”

Daga waje tsohuwa mai koko ta ce, da muryar da take kiran masu saye, “A auna da gwiwata ma.” Wasu suka murmusa, suka ɓoye a gemu.

Mai unguwa ya ja carbinsa. Daga nan ya ce maganata tana kan hanya, babu mai musu. Za a duba. A bari damina ta wuce, a ga yadda gadar za ta yi da ruwa, sannan a zauna, in Allah ya yarda. Aka shafa fatiha. Na girma a Nima, na san irin wannan in Allah ya yarda. Ita aka yi wa famfon lungu, har yaran da aka haifa a lokacin suka yi aure ana sayen ruwa a bokiti. Kafin damina ta wuce jarrabawa ta wuce, kuma kafin a zauna kowa ya saba da ganina a gida, ni ma in saba. Wannan na fi tsoro, in saba.

A hanyar komawa yayana ya biyo ni yana tafiya a hankali daidai da jan jikina. Ya ce na yi magana, an ji, yanzu in bar wa manya. Na ci gaba da jan jikina. Da yamma na aika wa matan da suka yi alkawarin kitso washegari cewa su ɗaga zuwa wani lokaci.

Da gari ya waye, ana fitowa daga asuba, na yi wanka na ɗaura zanina na fita unguwa. Na rataya jakar littafina a wuya, na ɗauki 'yar tabarma da butar ruwa, na ja jiki na gangara. Na hau matakalar da hannu. A tsakiyar falalen na shimfiɗa tabarma, na zauna a gicciye, na ɗauki ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya na miƙe su daga wannan baki zuwa wancan. A wurinmu ko yaro ba a tsallake wa ƙafa, balle mace mai 'ya'ya. Lokacin ne masu zuwa tasha suke sauri su kama trotron farko, masu tukwanen waake suna biye da su.

Na buɗe littafi a darasin da aka wuce ni. Wanda ya fara isowa liman ne, da butarsa a hannu, bayansa mai gawayi, bayansu layi ya fara taruwa har kwanar gidanmu. Liman ya tsaya a kan matakala ya ce, “Baiwar Allah, a ba mu hanya.”

Na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali. Sannan na ce, “Malam, a yi haƙuri. A bari damina ta wuce.”

Na lashi yatsa na juya shafi.